Soket ɗin Malam Kailani

Ni dai ban taɓa ganin mai shisshigi irin Malam Kailani ba. Shi ne manajan wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, inda aka ba ni aikin gwaji: in haɗa kwamfutar ɗakin awon jini da ta Dokta Obadiya, sakamako ya riƙa isa gare shi da kansa. In abu ya yi a ɗauke ni aiki, in bai yi ba in koma Gyallesu zaman kashe wando.

Ranar da likita zai duba, sai abu ya turje. Duk sanda kwamfutarsa ta nemi saba, wato uwar da ke riƙe da sakamakon, amsar ɗaya ce: an ƙi karɓa. Na duba waya, a jone take. Sabar ma a kunne.

Kailani na tsaye a kaina yana cin gyaɗa, ɓawon na zuba a kan teburina.

"Suhaibu, wai mene ne?"

"Soket ɗin ne ba ya amsawa, Malam."

Soket na cikin manhaja nake nufi, ƙofar da kwamfuta ke sauraron 'yar'uwarta. Ya gyaɗa kai ya fice.

Can na gano matsalar. Adireshin cikin gida sabar ke kai, kanta kaɗai take saurare, kamar maigidan da ya kulle zaure yana jiran baƙi. Na gyara layin adireshin, na adana, saura in kashe ta in kunna. Sai ɗif, wuta ta ɗauke. Ina waigawa na ga Godfrey mai gyaran wuta ya durƙusa yana ɓalle soket ɗin bango, lafiyayye, Kailani na nuna masa da baki.

Da aka dawo da wuta saba ta tashi da gyarana, sakamako ya faɗo gaban likita.

"Ashe wuta ce," in ji Dokta. "Kai kuma tun safe kana ta danne-danne."

Na soma bayani, Kailani ya katse ni. "Da bakinsa ya ce soket ne, ranka ya daɗe. Ni dai na ga ya tsaya kallon ruwa."

Aka miƙa wa Godfrey lemo mai sanyi. Ni kuwa likita ko ɗago kai bai yi ba.

"To, Suhaibu, za mu neme ka."