Koriyar Fitila a Hanyar Faskari

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi na sayi Bitil, ƙaramar motar nan mai inji a baya, wadda iska ke sanyaya ta, ba ruwa ba. Bayan shekara biyu na biya wa mahaifiyata kujerar Makka. A Kankara na yi mata rajista, inda nake koyarwa, aka kuma shaida mana cewa motar maniyyata za ta tashi zuwa Kano da azahar, ba za ta jira kowa ba.

Ranar tafiya da hantsi muka bar garinmu Sabuwa, ni da Inna da ƙanenta Kawu Gide, wanda ya taɓa yin karen mota. 'Yan rakiya sun haɗo guzuri, dakuwa da daddawa da garin kunu, kuma guzurin maniyyaci ba a mayar da shi. Muka jibge shi bisa rufin motar. Kawu ya lulluɓe da tabarma, ya ja gefenta har ƙasan gilashin baya, ya ɗaure tamau.

Kafin Faskari koriyar fitilar mai ta fara ƙyaftawa. Na gan ta. Na dubi agogo, na ƙara wuta. Ƙauri ya cika motar, injin ya soma ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

"Salihu, mi ke ƙonewa?" in ji Inna.

"Ba komi, Inna."

Dole na tsaya. Sandar awon mai ta ƙona mani yatsu. Man bai ragu ba, amma ya tsinke kamar ruwa. Bel ɗin fanka lafiya lau. Ban ɗaga kai na dubi sama ba.

"Ƙishirwa take ji," in ji Kawu. "Ina bakin lagireto?"

"Ba ta da shi, Kawu."

"Motar da ba ta shan ruwa? Kai, boko ya cuce ku. Miƙo butar can."

Na san kuskure ne, domin wanda ya sayar mani da ita ya gargaɗe ni kada a zuba wa injin ruwa. Amma ban iya musa wa ƙanen uwata a gabanta ba, ga rana tana ta yin sama. Da hannuna na miƙa masa butar, ya kwara wa injin. Tururi ya tashi, muka ji ƙas! Injin bai sake motsi ba.

Wani mai faci, Rabo, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ɗage tabarmar, sai ga ramukan shan iska a rufe ƙarƙashinta.

"Malam, kun toshe mata hanci, sannan kuka yi mata wanka?"

Akori-kurar da ta kwashe mu ta isa Kankara bayan la'asar. Filin da maniyyata suka taru ba kowa. Washegari muka bi su Kano, muka tarar jirginsu ya tashi.

Inna ba ta taɓa tambayata abin da ya sami motar ba. Ta rasu da damina, kafin a buɗe rajistar baɗi.