Zaren Makullan Inna

"Kai ne, Auta. Kai ka jawo ruwan nan da ke zuba a shagon tela, kai da iyayinka."

Inna ta maƙale wayar da kafaɗa, hannuwanta biyu na cikin tarin makullai. Auta, ɗanta na ƙarshe, ya yi ƙasa da murya daga can ofishinsu ya ce suna cikin taro, ta yi haƙuri zai kira. Kafin ta ƙara wata magana ya katse.

Gidan bene ne, ɗakuna takwas sama da ƙasa, da shago ɗaya a bakin titi. Shekara ashirin da biyu ta yi tana sayar da kwanuka da tukwane a kasuwa kafin ta mallake shi, kuma tun da ta zuba 'yan haya ba ta taɓa ba dillali riƙonsa ba. Ba ta yi boko ba, ba ta kuma ga abin da hakan ya rage mata ba. Duk wanda ya kama ɗaki, takan karɓi makullinsa na biyu ta ɗaura masa zare. Ja na direba, fari da baƙi na malamin makaranta, kore na nas ɗin da ke sama. Na kwaɗon akwatin tanki kuwa shuɗi ne mai ƙulli uku. Makulli arba'in da ɗaya ne a zoben, har da na mita, da na ƙofar baya, da na wasu kwaɗunan da suka daɗe da lalacewa ta ƙi jefarwa. Ba ta taɓa ɗaukar wani a madadin wani ba.

Makon jiya Auta ya zo gaisuwa ya tarar ta tafi asibiti a duba mata gwiwa. Ya zauna ya sa reza ya yanke zaren nan kaf, ya rataya wa kowane makulli 'yar roba mai rubutu. Da ta dawo ya nuna mata yana fara'a, wai haka manyan masu gidaje ke yi yanzu. Ta dube shi, ta dubi maganin gwiwar da ya kawo mata, ta rataye makullan a ƙusa.

Yau da hantsi tana zaune a bencinta a tsakar gida, rana na gasa mata ƙafa yadda take so, matar direba na shanya tana ba ta labarin da ba ta tambaya ba, sai ga tela ya leƙo da tef a wuya. Ya ce silin na ɗiga. Kafin ta kai ƙofar shagon ɗigon ya zama tsiyaya, daidai kan kantar da yake jera yadin mutane. Ɗakin nas ne a saman shagon. Nas tana wurin aiki tun safe, wayarta a kashe.

Shekarar tela goma sha ɗaya a shagon nan. Shi ke karɓar saƙon kowa, shi ke ganin mai shiga da mai fita, shi ke raba faɗan igiyar shanya tun kafin ya iso kunnen Inna. Ta kuma san masu sabon ginin tsallaken titi sun kira shi har sau biyu, sun nuna masa shago mai tayil da ƙofar gilas. In kayan mutane suka lalace a hannunsa yau, ba shi da sauran dalilin zama.

Ta miƙa masa makullan ya karanta mata. Ya goge hannu a riga, ya ɗaga ɗaya ɗaya: A7, B3, A2. Ya juya robar, babu komai a baya.

"To wanne ne na nas?"

"Inna, ai ƙofofin gidan nan ba su da lamba."

A nan ne ta kira Auta ya katse. Ta sake kira. Ya ɗauka cikin raɗa ya ce bayanin lambobin na cikin kwamfutarsa, kwamfutar kuwa na gida. Ta tambaye shi ko kwamfutar ta iya kwashe ruwa. Ta kashe wayar.

Matar direba ta ce a samo guduma a fasa ƙofar kawai. Inna ta ce ƙofar ɗan haya ba a fasa ta a gidanta, ko shiga ɗakin mutum ba ta yi sai wuta ko ruwa, shi ma da shaida a tsaye. Ta ce matar ta biyo ta. Suka hau bene, ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar nas yana lasar silifas ɗinsu. Ta fara gwadawa. Na farko bai shiga ba. Na biyu ya shiga ya ƙi juyawa. A na goma sha ɗaya ta rasa waɗanda ta gwada da waɗanda ba ta gwada ba, duk robobin iri ɗaya ne. Daga ƙasa tana jin tela na jan kanta, bokiti na cika yana sauya murya.

Sai ta tsaya. Ba ɗakin take bukata ba, ruwan take so ya mutu.

Babban kan famfon da ke kashe ruwan gidan duka yana can kan rufi, cikin akwatin ƙarfe kusa da tanki. Matakala goma sha huɗu ce, likita kuwa ya hana ta ko biyar. Ta hau tana dafa bango, tana yi wa Auta faɗa a kowane taku, matar direba na bayanta tana cewa a hankali. A gaban kwaɗon ta tsuguna da ƙyar. Shuɗin zare babu. Amma ta tuna ranar da aka yi fentin gidan, da makullin nan ta ɓanɓare murfin gwangwani har wuyansa ya ɗan lanƙwashe. Ta rufe ido, ta bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Can wajen ƙarshe ta ji shi.

Kwaɗon ya buɗe. Ta murɗe famfon da hannu biyu, ta zauna a kan bulo tana haki, tana sauraron bututu na shiru a hankali.

Da ta sauko, tela ya kwashe komai zuwa tsakar gida, an shanya atamfofi a igiya har gidan ya yi kyau. Abu ɗaya ne bai tsira ba: farin leshi na wata mata da za ta zo karɓa gobe da ƙarfe goma. Ruwan silin ya bar masa tabo ruwan ƙasa, faɗin tafin hannu, a daidai gaban riga. Inna ba ta iya kwana-kwana ba. Ta tambaye shi kai tsaye ko tsallaken titi zai koma.

Tela ya ninke leshin bai dube ta ba. "In koma wajen wa? Can akwai wanda zai hau rufi da gwiwa ɗaya saboda ni?"

"Gwiwa biyu gare ni."

"Ɗaya da rabi, Inna."

Ta ce ya kiyayi bakinsa, ta juya don kada ya ga fuskarta.

Da yamma nas ta dawo ta buɗe ɗakin da nata makullin. Bututun ƙarƙashin wurin wanke hannu ne ya tsage. Ta shiga ba da haƙuri, Inna ta ce ta bari, bututun ya girme ta, gobe mai gyaran famfo zai sa sabo. Tela ya fito da gwangwanin zarensa ya ajiye a kan benci. Duk wanda ya dawo daga aiki sai ya kawo makullinsa a haɗa da na zobe, in haƙora suka yi daidai Inna ta ciro robar ta jefa a leda, ta ɗaura zare ta cije bakinsa. Matar direba ta ce ita yanzu ruwan ɗorawa take so. Inna ta ce shekara shida suna ja, ja za su mutu. Aka yi dariya, malamin makaranta ya riƙe mata zoben har ta gama ƙulli uku na tanki.

Sannan wayar ta yi ƙara. Auta ne, muryarsa wasai, wai ya isa gida ya turo mata jerin lambobin duka a waya, yanzu ba sauran matsala.

Inna ta ɗaga ledar robobin ta girgiza masa a kunne.

"Ka ji kayanka, na tara maka. Gobe ƙarfe goma mai leshi za ta zo, kuma ba tela ne zai tsaya gabanta ba, ba ni ba ce. Ka nemi izini a ofis, ka ɗauko kwamfutar taka, ka zo ka gaya wa matar nan da bakinka wa ya ɓata mata riga."