Gardamar da Ta Buɗe Bakin Baba

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, Auta ce ta riƙe ƙofa, yayyenta maza suka cicciɓo shi daga mota suka ajiye shi a kujerarsa ta gefen taga. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa kuma ta ɗauke ɗungurungum. Mutumin da ya tsufa yana koyar da ajin manya a coci, yanzu ko ruwa yake so sai dai ya nuna da ido.

Mama ta zauna ta dube shi, ta share hawaye, ta ce, "Oh ni! Tun ina amarya nake roƙon Allah mutumin nan ya rage surutu. Ai ban ce a ɗauke duka ba."

Likita ta ce a riƙa yi masa hira da karatu, kada a bar shi shiru. Yayyen suka koma bakin aikinsu, abin ya faɗo kan Auta, da yake kantin maganin da take aiki ba shi da nisa da gida. Da ta tashi aiki ta zo da jarida, Baba ya kawar da kai. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna saman kabad, inda wani ƙaton littafin tarihin ikilisiya yake, bangonsa ya ɗaye an liƙe shi da gam.

"Wannan, Baba? Ai ko matashin kai aka yi da shi sai wuya ya ƙage."

Bai sauke hannun ba sai da ta ɗauko.

Auta dai ba da zuciya ɗaya ta fara ba. Tun da ciwon nan ya kayar da mahaifinta ta daina zuwa coci, addu'a ma in ta buɗe baki sai haushi ya hana ta. Tana karantawa tana tuntuɓe da sunayen mutanen dā masu karya harshe, idonta na kan Mama da ke goge wa Baba yawu a gefen baki. Amma a hankali labarin ya fara jan ta: masu bi na farko da suke taruwa a ɗakunan gidaje, da yadda suke jinyar waɗanda annoba ta kama bayan kowa ya guje su.

Wata yamma suka iso wani babi na gardama. Littafin ya ce a zamanin farko an yi waɗansu malamai da suka koyar cewa Almasihu bai ɗauki jiki na gaske ba, kama ce kawai ya yi. Wai yunwa ba ta taɓa shi ba, gajiya ba ta taɓa shi ba, ƙusoshin gicciye ma ba su shige shi ba, domin Allah ya fi ƙarfin ya ji ciwo.

Auta ta kife littafin a cinya.

"Ka san wani abu, Baba? Ni ban ga laifin mutanen nan ba. Gara a faɗi gaskiya. Yana can sama, ina ya san yadda mutum yake ji in ya kasa kai cokali bakinsa? Da ya sani, da ba ka zaune a nan haka."

Fuskar Baba ta canza. Ya daki hannun kujera da tafinsa na hagu, jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓɓansa suna rawa. Auta ta tsorata, ta yunƙura za ta kira Mama.

"A'a!"

Aka ji faranti ya faɗi a kicin. Mama ta fito a guje, hannunta duk kumfa. "Wa ya yi magana? Ke Auta, wa ya yi magana?"

Baba ya kama mataccen hannunsa ya ɗaga shi, ya girgiza shi a gaban 'yarsa. Gumi ya keto masa. "Ji... jiki," ya ce. "Gaske."

Mama ta durƙusa a wurin tana yabon Allah da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Baba kuwa ko kallon su bai yi ba, littafin yake nunawa. Auta ta buɗe, ta karanta amsar da dattawan ikilisiya suka bayar: in yunwarsa ba gaske ba ce, mutuwarsa ba gaske ba ce, to tashinsa ma ba gaske ba ne. Ga kuma mutane da aka ɗaure aka kashe saboda sunansa, su dai ba don inuwa suka ba da ransu ba. Ta kai ƙarshen shafin da kyar, hawaye na ɗiga a takarda.

Da suka koma asibiti likita ta tambaya, "Me kuka yi masa?"

"Gardama na ja shi da ita."

"To, ki ci gaba da ɓata masa rai. Ya fi duk maganin da na rubuta."

Shi ke nan Auta ta samu sana'a. Duk malamin da ya kauce hanya a cikin littafin, ita ce lauyarsa. In an zo kan mai cewa an halicci Ɗan Allah ne daga baya, sai ta gyara zama ta kare shi, Baba ya yi ta fama har kalma ta fito, biyu su biyo, wata rana jimla sukutum. Don kada ya kayar da ita da wuri, sai ta fara tafiya da littafin zuwa kanti tana karanta gaba in babu masu saye. Abokiyar aikinta ta ce, "Ke kuma fasto za ki zama ne? A gaya mini da wuri in ɗinka sabon kaya."

Abin da Auta ba ta faɗa wa kowa ba, kullum ta tsaya wa ɓangaren da aka kayar, sai ta ga amsar tsofaffin nan ta fi tata nauyi. Wata safiya tana jera kwalabe ta tsinci kanta tana addu'a, ga wanda ya san ciwo a jikinsa.

Da Baba ya fara takawa da sanda, fasto ya zo gaisuwa, ya ji uba da 'ya suna kacaniya, ya ce lallai ranar Lahadi a zo aji. Suka je. Baba na shiga, ajin ya miƙe tsaye da tafi, wata tsohuwa ta ɓarke da waƙa kowa ya amsa. Ya tsaya a gaba, ya yi magana a hankali, kalma na bin kalma, ya ce Mai Cetonsu ya san yunwa, ya san gajiya, ya san jikin da ya ƙi ɗaukar mai shi. Da numfashinsa ya gaza ya juya ya ce, "Auta. Ƙarasa."

Ta miƙe, ba littafi a hannunta, ta ƙarasa darasin tiryan-tiryan.

Bayan an tashi, Yaya Babba ya kawo mota har bakin ƙofa. Baba ya dubi motar, ya ce, "Tafi da Mamanku. Da ƙafata zan koma."

Ya kama hanya, sanda a hagu, Auta a dama, rabin ajin na biye da su a baya suna waƙa.