Rawar Yatsa ta Daƙiƙa Uku

Shekara huɗu ke nan Chizuru Nagaoka tana aikin cike a wani ƙaramin kamfanin zane mai motsi a Suginami, a ƙasar Japan. Manya su zana farkon motsi da ƙarshensa, ita ta cike tsakani, takarda bayan takarda. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: kada a ga hannun mai cike. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar shiga sahun manya. Ta uku na ƙarshen wata, kuma ba mai shiga jarrabawar sai Kuroda, shugaban sashe, ya sa masa hannu.

Da rana tsaka, tana cin dunƙulen shinkafarta ita kaɗai a matakala, ta ci karo da abin a wayarta. Masu kallo daga Faransa da Amurka sun yanko daƙiƙa uku daga fim ɗinsu, inda wata tsohuwa ke ɓare lemo, yatsanta ya ɗan yi rawa. Sai yabo suke, wai irin wannan ne ya ɗaga zanen Japan, wai sai gwani irin Kuroda. Alhali zane biyu kawai Kuroda ya ba ta. Rawar yatsan ita ta ƙara, ba da izinin kowa ba.

Da Turancinta na jami'a ta fassara yabon, ta ajiye masa a tebur.

Ya karanta, ya zare tabarau. "Nagaoka-san, ashe ke kika ɗora mini ciwon rawar hannu? Ni da na zaci tsufa ne ya kama fensirina."

Na kusa suka danne dariya, kowa kansa a takarda.

"Ni ce, shugaba. Kuma ya yi kyau."

"Ya yi. Amma Turawa ba su suke duba aiki a nan ba. In kowa ya riƙa ƙara abin da ransa ya so, fim ko kasuwa? Rubuto takardar ban-haƙuri, in sa miki hannu."

Chizuru ta rusuna daidai gwargwadon ladabi, ba ƙari.

"Ba zan iya rubuta cewa kuskure ne ba."

"To, jarrabawa sai baɗi."

"Baɗi ina nan."

Ta koma mazauninta, babu wanda ya ɗago. An riga an ajiye mata sabon aiki: ƙofa tana rufewa, takarda goma sha takwas. Ta kunna fitilar da ke ƙarƙashin gilashin teburin zanenta, ta fiƙe fensir, ta ja layin farko.