Nuna Min Ginin Naka

Maƙwabta ne suka kai ƙarar wani ɗan haya wurin mai gidan. Mutum ba ya fita aiki, kullum yana ƙunshe a ɗaki da kwamfuta, amma tukunyarsa ba ta fashin hawa wuta. In ba ɗan damfara ba, wane ne?

Mai gidan ya zo da kansa, ya ƙi zama. Matar ɗan hayar ta tsaya daga ciki, goye da jaririya, tana saurare.

"Baba, shafukan intanet nake ginawa," in ji ɗan hayar. "Fuskar da mutane ke gani ni ke yi, injin da ke bayanta ma ni ne. Aikin mutum biyu, ladan ko na ɗaya bai kai ba."

"To, magini, nuna min ginin naka."

Ɗan hayar ya buɗe shafin wani kantin takalma a wayarsa. Babu komai, ashe kantin ya karye. Ya buɗe na wata makaranta. Sun sake gina shi, sunan wani magini ne a ƙasa. Sai ya buga adireshin shafin wani asibiti da ya fi alfahari da shi. Bai san sun daina biya har an sayar da adireshin ba. Wata mata mai tallar caca ta bayyana tana kashe ido: ZUBA KAƊAN, KWASHI MILIYAN!

"Wallahi, Baba, asibiti ne a nan!"

Tsohon ya daɗe yana kallon matar da ke cikin wayar.

"Allah ya ba marasa lafiyarka sauƙi," ya ce. "Ka nemi wani ɗakin."