Ɗaurin Ƙugiya

"Malam, ni dai na gaji da ganin tanar kamun kifi a firij ɗina. Jiya na miƙa hannu zan ɗauko tumatir, sai na ji ni cikin gwangwanin nan naka. Kuma da ana ganin kifin da sauƙi. Yau kwana goma sha ɗaya, ko ƙaya ba ka shigo da ita gidan nan ba."

Tela bai ɗago ba. Yana tsugune a tsakar gida yana ɗaure sandar kamun kifinsa a jikin babur.

"Ba don kifi nake zuwa ba, Hajiya. Likita cewa ya yi in riƙa shan iska."

"Da can ma iskar kake sha, amma kana haɗo ta da karfasa biyu ko uku."

Bara ne hawan jini ya kayar da shi a kan keken ɗinki, ɓarinsa na dama ya yi sanyi. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai ɗinki ya ƙare. Mijin babbar 'yarsu ne ya sayo masa sandar, irin mai abin naɗe zare a gindi, wanda shi Tela yake kira ƙwarƙwaro. Ita kuwa 'yar, da kowa ke ce wa Nas saboda aikinta na asibiti, ba ta so ba. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗi ɗaya: ranar da hannun ya ƙara sanyi, ba babur, ba tafki, sai gadon asibiti. Har kicin ta bi uwarta ta ce, "Mama, tsakaninki da Allah, in kin ga wani abu za ki faɗa min?" Hajiya ta ce za ta faɗa.

Jiya Nas ta kira ta tambayi hannun Baba, Hajiya ta ce lafiya lau. Bayan ta ajiye wayar ne abin ya tsaya mata a rai, don ita ba ta son faɗin abin da ba ta gani da idonta ba. Mutumin nan kwanan nan a ɗaki yake cin abinci shi kaɗai, kuma ya daina sa riga mai maɓalli.

Ta yafa mayafi, ta ɗauko tabarma da buta.

"Ina kuma zuwa?" in ji Tela.

"Shan iska. Ko likita ya ce ban da ni?"

A hanya tana bayansa tana kallon hannuwansa. Sau biyu suka zo kan tudun rage gudu, sau biyun da ƙafa kaɗai ya taka birki. Ta yi salati a ranta.

Tafkin yana bayan gari, an wuce ma'aikatar bulo. Rana ba ta gama fitowa ba, ruwan ya kwanta luf. Tela ya kafa kujerarsa ta roba nesa kaɗan da baki, ya fara karatu kamar an tambaye shi.

"Kada ki matsa can. Kifi yana ganin inuwar mutum, kuma yana jin takun ƙafa. Kin ga wajen ciyayin nan, inda icen ya faɗi? Nan suke kwana. Wanda bai sani ba tsakiyar ruwa yake jefawa, yana zaton can manya suke. Kuma daga yanzu zuwa hantsi ne lokacinsu. Rana na yin zafi sun nutse."

"To, shugaban masunta. Jefa mu gani."

Ya juya mata baya ya yi 'yan dabarunsa, ya riƙe sandar da hagu, ya wurga. 'Yar ƙwallon roba ja ta faɗa ruwa ta zauna. Ya ɗebi tana daga gwangwani ya watsa a gefenta.

"Wannan kuma fa?"

"Kiran su ake yi."

Hajiya ta shimfiɗa tabarma ta ciro carbi. Ta ja ɗari, ta ja ɗari biyu. Kifi sai wasa suke a wajen, har da masu tsalle, amma ƙwallon ko motsi. Can iska ta tura zaren cikin ciyawa, dole ya naɗo. Ya yi sauri zai kama bakin zaren ya dunƙule a hannu, ita kuwa ta riga ta miƙe.

"Tsaya. Mu gani."

Ƙwallo na nan, dalmar da ke nutsar da zare na nan. Daga nan sai zare tsirara.

"Malam, ina ƙugiyar?"

"Ta maƙale a ice ta tsinke."

"Yaushe?"

Ya kalli ruwa. "An kwana biyu."

"Goma sha ɗaya?"

Ta buɗe akwatin kayansa, ga ƙugiyoyi nan fal a takardarsu, manya da ƙanana. Ta ciro ɗaya ta miƙa masa. Ya karɓa da hagu, ya kama zaren da dama. Babban yatsa da manuni suka ƙi haɗuwa, zaren ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Mutumin da ya shekara arba'in yana zura zare a allura yana hira ba ya ko dubawa. A karo na uku ƙugiyar ta faɗi cikin yashi.

"Wato kullum zuwa kake kana ciyar da kifin Allah sadaka," ta ce. "Shi ya sa suke tsalle da suka gan ka."

Ta tsuguna ta tsinto ƙugiyar, ta goge a gefen zane. "Faɗa min yadda ake yi."

Da ya fara magana, sai muryar shago ta dawo, wadda yake koya wa masu koyon ɗinki da ita.

"Ba wannan ba, ta yi girma, bakin karfasa ƙarami ne. Ɗauko ta tsakiyar. Zura zaren ta idonta. Ja kamar tsawon yatsa. Yanzu naɗa shi a jikin uwar zaren sau shida. Shida na ce, Hajiya, wannan huɗu ne."

"Ina ƙirgawa."

"Mai da bakin ta 'yar ƙofar da ke kusa da idon. Yawwa. Kada ki ja tukuna, jiƙa shi da yawu."

"Yawu kuma? A'uzu billahi."

"In kin ja shi a bushe zafi yake yi ya ci kansa, sai babban kifi ya zo ya tsinke a nan. Jiƙa."

Ta jiƙa, ta ja, ƙullin ya zauna daram. Ya sa ta yanke saura ta bar kamar ƙwayar shinkafa. Tanar ma ita ta soka, tana yamutsa fuska, yana ce mata ta rufe ƙugiyar duka amma ta bar wutsiya tana motsi, don mataccen abu ba ya jan hankalin kifi. Sannan ya nuna mata wani maɓalli a saman ƙwarƙwaron.

"Sassauta wannan kaɗan. Birki ne. In kifi ya fi ƙarfin zare, shi ke sakar masa ya gudu har ya gaji."

Ya yi bisimilla ya wurga kusa da icen. Ko minti biyar ba a yi ba ƙwallon ta yi rawa.

"Ja mana!"

"Ɗanɗanawa yake. Bari ya tafi da ita."

Ƙwallon ta nutse gaba ɗaya. Ya ɗaga sandar, ta lanƙwashe kamar za ta karye, ƙwarƙwaron ya hau ƙara. Ya kai hannun dama zai juya mariƙin naɗin, hannun ya zame. Hajiya ta ga zare yana ta fita, ta yi abin da duk mai janyo guga za ta yi, ta cafke zaren da hannu.

"Sake shi! Sake, zai yanke ki, kuma ya tsinke!"

Ta saki. Zaren ya riga ya tsaga mata yatsa.

"Zo nan ki kama mariƙin. Ni zan riƙe sanda. In na ɗaga ki tsaya, in na sauke ki naɗa. In kin ji yana gudu ki ƙyale shi."

Haka suka yi, kafaɗa da kafaɗa, shi yana "naɗa", yana "tsaya", ita tana "to ai ina yi". Sau uku kifin yana zuwa baki yana komawa. A na huɗu ya taso ya kwanta a gefe, tarwaɗa ce, ta kai tsawon hannu. Ya hana ta taɓawa sai da ta jiƙa hannu, ya nuna mata inda za ta kama a bayan ƙayoyin gefe don kada su soke ta, ta zare ƙugiyar da filaya. Suka sa ta a bokiti da ruwa.

Tela ya koma kan kujera yana haki, yana dariya ƙasa-ƙasa. Hannun daman yana kan cinyarsa, yatsun a lanƙwashe. Hajiya ta wanke yatsanta da ruwan buta, ta yagi ƙyalle ta ɗaure.

"Ƙullinki ya riƙe," ya ce.

"Ya riƙe." Ta zauna a tabarma. "Babur ɗin nan dai ba da ni za a koma a kansa ba, kai ma haka. Mu bar shi wajen masu bulo, mu nemi mota."

Bai yi musu ba. Ta jawo jakarta ta ciro waya, ta riƙe ta a hannu tana duban fuskar wayar. A bokiti tarwaɗar ta bugi roba sau ɗaya ta yi shiru.

"Hajiya," ya ce, bai kalle ta ba. "Na san abin da kika ce wa yarinyar nan, ban ce ki yi mata ƙarya ba. Ruwa ya fara ja baya, kwanan nan ne suke ci. Ki ba ni sati ɗaya kawai kafin ki kira ta."