Ganyen Da Ko Tsutsa Ba Ta Ci

Mai lambu ya zura hannu cikin ramin taki, ya damƙo abin da ke ƙasa ya ɗago. Ganye ne garau, kamar yadda ya zuba shi tun farkon damina, da jijiyoyinsa har da ɗan sheƙinsa. Ya ja tsaki ya watsar.

Ramin ƙarshe ke nan da ya tona. Ga tumatir da barkono sun isa dashe, har sun fara yin rawaya a cikin robobi, ƙasar lambun kuwa ta gaji, ta koma yashi zalla. In ba taki, bana sai dai ya kalli na mutane. Kuma ba abin da bai yi wa ganyen nan ba. Ya ba shi ruwa, ya juya, ya barbaɗa toka, ya zuba kashin kaji, ya rufe da buhu. Shiru kake ji, wai Malam ya ci shirwa.

Matarsa na wanke kwandon kayan miya a bakin rijiya, ta ce, “Malam, ko dai a ɗora maka shi a wuta ne? Ai ko ganda da tuni ta yi laushi.”

Ya haɗe fuska, ya juya mata baya.

Autarsu, wadda ke aiki a wurin binciken tsirrai, ta zo hutu gida. Ita ce ta tsuguna ta ɗauki ganye ɗaya. Ta ja shi, da ƙyar ya yage. Ta tsinko ɗanye daga reshe ta ɗan tauna, ta yamutsa fuska ta tofar.

“Baba, wannan bauri haka? Itatuwan nan da suka zagaye lambun, ina ka samo irinsu?”

Nan fa ya ɗan saki fuska, don labari ne da yake son bayarwa. Tun tana goye ya ga jerin irin bishiyar a bakin wata hanya, duk tsutsa ta yi musu huji-huji, sai guda ɗaya tsaye ƙalau, ko akuya ba ta kula ta. Ita ya sari rassanta ya kawo ya dasa. Mai ido ai shi ke zaɓe.

Auta ta ce, “To ai maganar ke nan, Baba. Abin da ya hana tsutsa cinsa yana sama, shi ke hana su tana da gara cinsa in ya faɗo. Kaurin nan da baurin nan gado ne. Kuma reshe ka dasa, ba ƙwaya ba, duk itatuwan nan uwar ce ta maimaita kanta. Zai ruɓe, amma ba bana ba, ƙila ma ba baɗi ba.”

“Wato da hannuna na zaɓo wa kaina wahala?”

“Ni dai ban ce ba.”

“Kin ce mana. Karatu ne ya hana ki faɗa kai tsaye.”

Ya cire hula ya goge zufa. Shekara da shekaru yana shayar da su, yana yi musu aski, yana nuna wa baƙi, ashe ƙasarsa suke bari da yunwa.

“Abin bai ɓaci ba,” in ji Auta. “Ɗauki baro ka zaga maƙwabta. Ramin kowa ka roƙi kaɗan. Masu ganye mai huji, nasu ya daɗe da zama baƙar ƙasa, zai ishe ka dashe.”

Matarsa ta daina wanke kwandon. Ta dube shi, shi kuwa ya dubi ƙasa.

Ya taka a hankali zuwa shinge ya leƙa. Lambu bayan lambu, iya ganinsa, itatuwa ne ke ta sheƙi, ba huji ko ɗaya. Shi ne fa ya bi maƙwabtan ɗaya bayan ɗaya da damin rassa a kafaɗa, yana yi musu gori, sai da kowa ya sare nasa ya dasa wannan.

Can maƙwabcinsa na gabas ya miƙe daga cikin nasa ramin, hannunsa cike da ganye. Ya ɗaga shi sama ya ce, “Malam, dama ina shirin zuwa wurinka da baro. Naka ya ruɓe kuwa?”